Roƙon Jumare

Ranar da likitan ido a Kaduna ya gama haska idon Malam Sa'idu, ni ya juyo ya yi wa bayani, kamar mai idon ba ya ɗakin. Ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya yi nisa. Abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage za a riƙa lallaɓa shi da maganin ɗigawa, amma kada mu sa rai zai daɗe. Muka kamo hanyar gida har muka wuce Zariya a motar Ikara. Sannan Malam ya karkato ya ce, "Malama, maganar nan ta tsaya tsakanina da ke." Na ce to. Na daɗe da auren mutumin nan, na san inda gardama take da amfani da inda ɓata yawu ce.

Sunana Adama, 'yar Kudan ce ni, malamar firamare har na yi ritaya. Mu can, manoman rake, in abu ya ci maka rai faɗa kake yi a wuce wurin. Shi kuwa Malam Bafulatani ne, ko da yake rabon gidansu da kiwo tun kakansa. Shanun sun tafi, fulakon ya zauna daram. Mutum ne da ko ƙaya ta shige masa ƙafa a gaban jama'a sai ya ƙarasa gaisawa kafin ya duba.

Ba makantar ce ta fi damunsa ba, littafinsa ne. Ya yi shekaru yana koyar da kwamfuta a sakandare, da ya ajiye aiki sai ya zauna rubuta littafin da zai koya wa yara yadda ake haɗa manhaja, da Hausa zalla, tun daga tushe. Yakan ce ya gaji da ganin yaro mai kai yana faɗuwa don Turanci ya tare masa hanya. Lokacin da muka je Kaduna ya ci fiye da rabin littafin. Burinsa ɗaya ne, ya gama kafin fitilar ta mutu.

Ba a irin manhajar da muke buga takardar jarrabawa yake rubutun ba. A edita yake yi, wato manhajar da masu rubuta wa kwamfuta umarni suke aiki a cikinta, don littafin cike yake da misalan da sai an gwada an ga sun yi aiki. A jikin editar nan kuma akwai wata 'yar manhaja da ake liƙa mata, sunanta Reshe. Aikinta shi ne ta jera maka kanun rubutunka, babi da sassansa da ƙananan sassan da ke ƙarƙashinsu, ka naɗe wanda ba ka buƙata, ka buɗe wanda kake so, ka ɗauki kai guda da duk 'ya'yansa ka mayar da shi wani wuri. Wanda ya ƙirƙiro Reshe kuwa ba wani ba ne, Muhsin ne, tsohon ɗalibin Malam, ɗan Gubuchi, wanda yanzu yake auren 'yarmu ta fari suna zaune a Maƙarfi. Naja'atu sunanta. Na faɗa sau ɗaya saboda ku, kada ku sa ran sake ji daga bakina.

Muhsin da hannunsa ya sa wa Malam Reshe a kwamfuta, tun tana sabuwa ba wanda ya san ta. Daga baya abin ya yi albarka, mutane a ƙasashen da ko a taswira sai na laluba suka riƙa ɗauka suna aiki da ita. Yaron kirki ne, ban ce ba. Sai dai irin kirkin nan ne na wanda ya yi imani cewa komai a duniya yana da layin da ake bi.

Ciwon Malam daga gefe ya faro. Abin da ke gabansa kai tsaye yana gani, amma kamar mai leƙe ta kafar makulli. Don haka ya kunna wata murya a kwamfutar da take karanta masa abin da ke kan allo. Muryar mace ce, Baturiya, tana karanta Hausa kamar mai tauna tsakuwa. Da farko dariya take ba ni, daga baya na saba da ita kamar kukan tantabarun maƙwabta. A wancan lokacin Reshe tana sa wa kowane kai lamba a gabansa. Baturiyar ta karanta lambar, Malam ya san a babi na nawa yake, sashe na nawa, zurfi nawa. Ya danna maɓalli biyu ya ɗaga sashe sama, ya danna wasu ya sauke shi. Ko linzamin kwamfutar, abin nan da ake ja da hannu a nuna wuri a allo, ba ya taɓawa. Da hantsi in ina tsintar shinkafa a tsakar gida ina jin su, shi da ita, aiki na tafiya.

Wata safiya da farkon damina na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa na tarar da shi ya kusa manna fuska da allon, hannunsa a kan linzami yana zagayawa da shi.

"Lafiya, Malam?"

"Yaron nan ya yi gyara," ya ce.

Reshe ta sabunta kanta. Lambobin sun ɓace, an maye gurbinsu da wasu siraran layuka masu launi, shuɗi da ruwan ɗorawa da kore, kowane zurfi da launinsa. Ɗaukar sashe kuma yanzu sai ka kama shi da linzami ka ja. Ni da nake da idona na ga abin ya yi kyau, kamar adon hula. Amma Baturiyar ba ta karanta launi. Sai ta yi ta jero kanun a layi ɗaya, babba da ƙarami, ba uba ba ɗa. 'Yar kibiyar linzamin kuwa in ta fita daga kafar makullin Malam, sai ya yi ta nema kamar allura a cikin yashi. Ya gwada komawa tsohuwar Reshen, ta ƙi shiga, don ita ma editar ta sabunta kanta ta daina karɓar tsofaffin kaya.

Na ce, "To ai da sauƙi. Ga waya nan, kira shi."

Ya dube ni, ko in ce ya dubi inda muryata take. "In kira surukina in ce masa me? In ce ya warware aikinsa saboda uban matarsa ya makance?"

"To ni in gaya wa yarinyar."

"Da cikin? Kin manta yadda na farko ya ƙare?"

Ban manta ba. Cikin farko ya zube, wannan na biyun likita ya ce a guji duk abin da zai tayar mata da hankali. Na ce ai in cikin ya tsufa gida za ta zo haihuwa, a nan me zai ɓoye? Ya ce kafin nan ya gama littafin, bayan nan duk wanda zai sani ya sani.

Hanyar da ya samo ta fi ƙarfin hankalina. Akwai shafi a intanet inda masu aiki da Reshe suke kai wa Muhsin ƙorafi da shawara. Malam ya buɗe rajista a can da sunan Jumare, ya zauna ya tsara saƙo da Turancinsa na tsofaffin malamai, ya sa ni na karanta masa don a duba kuskure. Ya fara da gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya yaba sabon fasalin, ya yi addu'ar ƙarin basira. Sai can ƙasa, a layi biyu, ya ce idan ba takura, kuma ba gaggawa ba ne, da za a dawo da lambobin nan da maɓallan ɗaga sashe, ko da a matsayin zaɓi ne, saboda akwai waɗanda suka saba da su.

Na ce, "Ina dalilin? Ka rubuta cewa ba ka gani mana. Ai ba sunanka ba ne."

"Zai gane," ya ce. "In an haɗa ido da irin rubutuna zai gane. Mai hankali ishara ta ishe shi."

Wato yana so yaron ya gane buƙatar amma kada ya gane mai buƙatar. Na koma kan tukunyata.

Muhsin ya amsa washegari, cikin ladabi. Ya gode wa Jumare, ya ce an sa roƙonsa a layi. Ya kuma bayyana yadda yake aiki: shi kaɗai ne, buƙatu suna da yawa, don haka duk wadda mutane suka fi danna wa alamar babban yatsa ita yake fara yi. Na duba layin. A sama akwai masu son a sa 'yan hotuna a gefen kanu, yatsunsu sun haura ɗari. Roƙon Jumare yana can ƙasa da yatsa ɗaya, nasa. Na ɓata yini guda da wayata ina fama da rajista da lambobin sirri har na samu na shiga, na danna masa. Suka zama biyu. Ban taɓa jefa ƙuri'ar da ta ba ni takaici irin wannan ba, kuma na jefa da yawa.

Masara ta yi kai, ta yi goyo, littafi yana nan inda yake. Ba wai Malam bai yi ƙoƙari ba. Wata rana ya ja wani sashe da linzami, hannunsa ya saki a inda bai nufa ba, sashen ya faɗa cikin wani babi daban ya naɗe. Tun hantsi yake nemansa har aka kira azahar. Na zauna kusa da shi in zama idonsa, amma ni abin da ke allon nan duk ɗaya ne a wurina, baka da ɗigo da waƙafi. Ya ce in duba ko layin shuɗi ne ko kore, na ce shuɗi, ya ce ba zai yiwu ba, na ce to kore ne, ya ce in tsaya a kan magana ɗaya. Na ce masa ni ba Baturiyarsa ba ce da za a danna in yi magana. Ya janye hannunsa daga kan linzamin. Na yi nadamar wannan kalmar tun kafin ta gama fita, amma ban janye ba, don raina a ɓace yake da shi da yaron da kwamfutar baki ɗaya.

Ana cikin haka Muhsin ya zo gaisuwa, shi kaɗai, don an hana matarsa hawa babur. Ya kawo mazarƙwaila da ɗanyar masara daga gonarsu ta Gubuchi. Malam ya shirya tun kafin ya iso. Ya zauna a kujerarsa ta falo, ya sa na kawar da komai daga tsakiyar ɗakin, don kada wani dalili ya sa shi tashi. Muhsin ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya shigo ya durƙusa can nesa, kansa a ƙasa. Ni na amsa gaisuwarsa daga bayan labule kamar yadda aka saba, na kuma tsaya a nan ina ji.

Bayan an gama tambayar mutanen gida da damina, Malam ya ce, "Yaya aikin naka?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Sabon fasalin ya karɓu sosai. Ban sani ba ko Baba ya gwada?"

"Na gwada. Ya yi kyau. Allah ya ƙara basira."

Na dafe bango. Da ina da abin jifa a hannuna ban san wanda zan fara jifa ba.

"Ba wanda ya yi ƙorafi?" Malam ya tambaya, kamar mai tambayar farashin taki.

"Kaɗan ne, Baba. Akwai dai wani bawan Allah, Jumare. Da alama dattijo ne, kuma ɗan ƙasar nan, don gaisuwarsa ta fi saƙon tsawo." Ya ɗan murmusa, na ji a muryarsa. "Yana son tsofaffin lambobin. Ka san manya da abin da suka saba."

"To ko za ka duba masa?"

"Ina so, Baba, amma mutum biyu ne kacal suka goyi baya. Shi da kansa ma ya ce ba gaggawa. In na bi na kowa ba zan gama komai ba."

"Gaskiya ne," Malam ya ce. "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

Shi ke nan. Aka koma maganar tsutsar da ta addabi masara a bana. Abin da ya ƙona min rai shi ne, yaron nan a Gubuchi aka haife shi. Ya san in dattijo ya aiko ya ce ka zo amma ba gaggawa, takalminka kake nema. Amma da maganar ta zo masa ta allo, da Turanci, a cikin layi, sai ya karanta ta kamar yadda Baturiyar Malam take karatu.

Da muka koma Kaduna ganin likita, ya ce kafar ta ƙara tsukewa, ido ɗaya ma kusan a cire shi daga lissafi. A hanyar dawowa Malam ya yi ta zancen babin ƙarshe, yadda zai sa yara su haɗa 'yar manhajar da za ta riƙa tuna wa manomi lokacin zuba taki. Yana magana yana zana abin a iska da yatsa. Na juya fuskata wajen taga na yi kukana a hankali, na gode Allah da gefen da nake zaune shi ne gefen da ba ya gani.

Kwana kaɗan bayan nan na ce masa zan je Kudan dubo yayata. Na je Kudan ɗin, ban yi ƙarya ba, amma ban daɗe ba na hau motar Maƙarfi. Ban nufi gidan 'yata ba. Na nufi shagon da Muhsin ya kama a bayan kasuwa, inda yake aiki saboda akwai wutar sola. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san abin da na yi. Suruka ta taka da ƙafarta, ita kaɗai, zuwa wurin aikin mijin 'yarta ta fari. Da uwata tana da rai da ta ce ba ita ta haife ni ba.

Da ya gan ni a bakin ƙofa sai da ya kusa ture kwamfutarsa. Ya zube ƙasa. "Inna! Lafiya? Wani abu ya samu Baba?"

Na ja mayafi na rufe rabin fuskata, na juya ina kallon kalandar da ke bango, da ita na yi maganar. Na ce, "Jumaren nan da yake rubuto maka, Malam ne." Na gaya masa abin da likita ya ce, da kafar makulli, da Baturiyar da ba ta karanta launi, da littafin da ya tsaya tun farkon damina. Ban ƙara gishiri ba, abin bai buƙata.

Bai ɗago ba. Na ga ɗigon ruwa yana sauka a kan siminti tsakanin hannayensa. Can ya ce, "Inna, wallahi aikin yini ɗaya ne. Ko yini ba zai kai ba. Da ya faɗa min..."

"Ba zai faɗa ba, kai ma ka sani. Abu biyu nake roƙonka. Kada matarka ta ji. Kada kuma ka nuna masa na zo."

"In sha Allahu, Inna."

Ya so ya raka ni tasha, na hana shi. Na dawo Ikara da rake daga Kudan a matsayin shaida, zuciyata wasai, rabon da in ji haka tun kafin Kaduna.

Ya cika alkawari, ta yadda ya fahimce shi. Bai gaya wa matarsa ba, bai kira Malam ba. Ranar da gyaran ya iso, da hantsi ne, ina shara a ƙofar falo. Malam ya kunna kwamfuta kamar yadda yake yi kullum ko da ba zai rubuta komai ba. Reshe ta sabunta kanta, sai ta buɗe ɗan bayanin da take nunawa duk lokacin da aka yi mata gyara. Ashe su masu wannan sana'a al'adarsu ce, in sun gyara abu sai su rubuta abin da aka gyara, su ambaci wanda ya kawo ƙorafin, su gode masa. A wurinsu rashin yin haka shi ne rashin kunya. Baturiyar ta fara karantawa da Turancinta, a nan kam ba ta tauna komai ba, kowace kalma ta fito tas. Ta ce an dawo da lambobin kanu da maɓallan ɗaga sashe, an kuma gyara yadda muryar karatu take bin su. Sannan ta ce, "Godiya ga Jumare, wanda ya nemi wannan tuntuni. Ban san ganinsa yana raguwa ba. Ina roƙonsa gafara."

Tsintsiyar ta tsaya a hannuna.

Malam ya danna, ta maimaita. Ya bari ta kai ƙarshe. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Jumare bai taɓa cewa komai a kan idonsa ba."

Na jingine tsintsiyar a bango.

"Kudan kika je, Malama?"

"Na je Kudan. Na kuma je Maƙarfi."

Na jira faɗa. Wallahi da ya yi faɗan da na ji daɗi, don na tanadi amsoshina tun a mota. Bai yi ba. Ya buɗe littafin. Baturiyar ta kira lambar babi, ta kira lambar sashe, ta ma ƙara da faɗin 'ya'ya nawa ne a ƙarƙashin kowane kai, abin da tsohuwar ba ta yi. Ya danna maɓalli, sashe ya hau sama da kayansa. Ya danna, ya dawo mazauninsa. Hannayensa ba su manta komai ba.

"Ya yi aiki mai kyau," ya ce. "Yaron yana da kai."

"To bismillah mana. Ga hanya ta buɗe."

Ya rufe kwamfutar a hankali. "A da ni malaminsa ne," ya ce. "Yanzu ni ne wanda ake roƙo gafara."

Na ce masa duk abin da ke cikina. Na ce littafin na yaran da za su karanta ne, ba na girmansa ba. Na ce kunyar da za ta hana mutum gama aikin rayuwarsa ba kunya ba ce, ciwo ce, kuma ta fi na idon muni. Na ce in laifi ne na ɗauka, ya ɗora min, amma ya buɗe abin nan ya yi rubutu. Ya saurare ni har na gama, kamar yadda yake sauraren kowa. Ya ce, "Na ji, Malama." Washegari bai kunna ba. Ranar da ta biyo ma haka. Na riƙa goge ƙurar da ke kan murfin ina ajiye ta inda hannunsa zai taɓa, yana matsar da ita gefe ya ɗora kofin shayinsa.

Har yau ban ce na yi kuskure ba. Da za a mayar da ni bakin shagon nan da zan sake shiga. Amma baƙin cikin bai san wannan ba, yana nan yana cina kamar ni ce mai laifin.

Da aka fara karyar masara Muhsin ya sake zuwa gaisuwa. Wannan karon Malam bai shirya komai ba. Yana ɗaki lokacin da aka yi sallama, ya ce a ce ya shiga falo yana zuwa. Muhsin ya durƙusa a wurinsa na kullum. Ina bayan labule na ga Malam ya fito, yana tafiya a miƙe kamar yadda ya saba, don gidan a kansa yake. Sai dai akwai buta a hanya, ni na manta da ita a wurin bayan na yi alwala. Muhsin ya ga butar, ya ga ƙafar Malam. Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya miƙa ya janye ta gefe, gindinta ya goga siminti ya yi ɗan ƙara.

Malam ya tsaya cik. Ɗan lokaci kaɗan ne, amma duk mu uku mun ji shi. Sannan ya ƙarasa ya zauna, aka gaisa, aka tambayi mai ciki, aka tambayi girbi. Muhsin bai ambaci Reshe ba.

"Malama," Malam ya kira, "kawo min kwamfutar nan da jakarta."

Na ɗauka abin ya wuce, zai nuna wa yaron inda ya tsaya su yi maganar aiki kamar da. Na kawo da sauri har ina tuntuɓe, na miƙa masa. Ya shafa jakar, ya tabbatar cajar tana ciki, ya ja zif. Sai ya miƙa ta wajen da Muhsin yake.

"Ungo. Ka samu wani yaro a Gubuchi mai son karatun nan ka ba shi. Tana da sauran ƙarfi."

"Baba..." Muhsin ya ɗago kai, abin da ban taɓa ganin ya yi a ɗakin nan ba. "Baba, littafin fa?"

"Yana ciki. Babukan ƙarshe kanunsu kawai ne, ba komai a ƙarƙashinsu. Kada su ruɗe shi."

Jakar tana nan a miƙe tsakaninsu. Na zuba wa yaron ido ta gefen labule, ina roƙon Allah a raina ya sa shi ya yi rashin kunya sau ɗaya a rayuwarsa, ya ce ba zai karɓa ba. Amma yaro ne mai tarbiyya, kuma ba a mayar wa suruki hannu. Ya matso a kan gwiwoyinsa, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Na bi bayansa har zaure, abin da bai kamata in yi ba. Na tsaya ina kallo yana ɗaure jakar a bayan babur da roba, yana zagayawa yana sake zagayawa. Bai dube ni ba. Ya tayar ya tafi.

Da na dawo falo Malam yana nan a kujerarsa, hannayensa a kan gwiwa, fuskarsa wajen taga. Ya ji motsina ya ce, "Malama, duba min waje. La'asar ta yi kuwa?"